Inna Tumba da Hannun Banza

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na Gummi ya san ba a gaida Inna Tumba hannu sake. Kana cikin "Ina kwana, Inna?" za ta kalle ka sama da ƙasa ta ce, "Lahiya lau. Mi hannunka ka yi?" Kafin ka buɗe baki an ɗora maka faifan shinkafa ka tsince tsakuwa. Ni jikarta ce, a ɗakinta na tashi, don haka ban san ana hira ba tare da aiki ba sai da na yi aure.

Kun tuna mai neman kansilan nan da ya zo da mai ɗaukar hoto? Ya durƙusa cikin shadda mai walƙiya ya ce tsofaffi su ne gatansa, in ya ci zaɓe duk sai sun huta. Inna ta turo masa ƙwaryar gyaɗa. Ya ɓare guda, aka haska masa hoto, ya yunƙura zai tashi. Ta kama bakin rigarsa.

"Ina za ka, ɗana? Hoton ya ƙare, gyaɗa ba ta ƙare ba."

Wallahi sai da ya ga gindin ƙwaryar nan! Da ya fita muka ce, "Inna, za ki zaɓe shi?" Ta ce, "Wa? Wanga da ka cin rabi shina ɓare rabi?"

Sai shekarar da Kawu Sani, babban ɗanta, ya ce abin kunya ne a ga uwarsa tana tafiya fadama da ƙafa. Ya ɗauke ta zuwa Gusau, ya ba ta ɗaki mai sanyi da talabijin da 'yar aiki. Ko buta ta ɗauka sai a ce, "Haba Inna, ki huta!" Ta huta kuwa. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya daina shiga, bakin nan da ba ya shiru ya mutu. Na je duba ta, ta ja ni gefe ta ce, "Hadiza, sun aje ni kamar kwanon jere. Likkafani kaɗai ya rage." Ranar na tsorata ƙwarai.

Wata safiya Kawu ya fito ya tarar da ita tsakiyar ciyawar adon da yake taƙama da ita, fartanyar maigadi a hannu, ta kafce rabi za ta shuka kuɓewa.

"Inna! Wannan ciyawar daga Abuja aka kawo ta!"

"To ina akuyar da ka cin ta?"

Ba ta rufe baki ba ta sake kai sara, ta samu bututun ruwa. Gida ya koma fadama. Ta tsaya tsamo-tsamo ta ce, "Madalla, wurin ma na shinkahwa ne." Ranar ta cinye tuwonta tas, washegari kuma Kawu da kansa ya sa ta a mota.

Da ta dawo, Sista Rifkatu, malamar asibitin nan 'yar Zuru, ta fara tara tsofaffin unguwa suna motsa jiki a ƙarƙashin dalbejiya. Ta ce, "Iyayena, kowa ta ɗaga hannu sama!" Kowa ta ɗaga ban da Inna.

"Mama, ke fa?"

"Ɗiyata, 'yan fashi sun tare mota ne? In ɗaga hannu babu komi cikinai?"

Zama na gaba sai ga ta da turmi da taɓare da buhun shinkafa a kan amalanke. Tsofaffi suka shiga surfe suna waƙa, suna gulmar surukai, har waɗanda suka ce ƙugu ya hana su tashi. Sista ta auna jininsu ta yi ta murna. Na ce, "Inna, ba ki ji kunya ba? Aikinki suka yi miki!" Ta ce, "Lahiya tasu, shinkahwa tawa. Wa aka cuta?"

A ciwonta na ƙarshe hannun ya soma rawa, ko cokali ba ya riƙewa. Duk da haka ta ce a kawo mata 'yata Asma'u ta yi mata kitso. Tun hantsi har azahar tana fama, tana hutawa tana komawa. Kitson ya fito a karkace kamar hanyar Bukkuyum da damina, muka yi ta dariya har da ita. Bayan rasuwarta na zo zan tsefe, yarinyar ta dafe kanta da hannu biyu ta ce, "A'a, na Inna ne." Na bar mata shi.

Allah Ya jiƙan Inna Tumba, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta tarar da alherin da ta aikata. Mu kuma in tsufa ya zo, Ya bar mu da ƙarfin yin wani abu, da mutanen da za mu yi wa.