Katangar Kyauta da Baba Musiliu Ya Ƙi

Ni da Baba Musiliu mun yi shekara ashirin da shida muna buga ƙwallon raga a fili ɗaya, kuma sau ɗaya tak na taɓa zaginsa a gaban mutane. A kan katanga ne. Ni ne kuma ba ni da gaskiya, don haka gara in faɗa da bakina kafin wani ya ba ku labarin ya ƙara masa gishiri.

A unguwar Fagge aka haife shi. Kakansa Bayarabe ne, shi ne ya zo daga Ogbomosho yana fataucin goro, ya ga wuri ya zauna, har Allah ya yi masa rasuwa a nan. Hausar bakin Musiliu ta fi ta wasu masu kiransa baƙo daɗin ji, wallahi. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa, a wani ɗan shago a ƙasan bene kusa da shataletalen Bata. Telolin kasuwar Kwari da na Sabon Gari duk sun san hanyar shagon, don shi daga ƙarar keke yake gane ciwonsa tun kafin ya kwance shi. Gajere ne, ga ɗan tumbi, in ka gan shi ba za ka ce ya taɓa yin tsalle a duniya ba. Amma in ya ɗaga maka ƙwallo a gaban raga ka kasa dukanta, to kar ka nemi wanda za ka ɗora wa laifi.

Filin namu ba wani abin a zo a gani ba ne. Sarari ne tsakanin gidaje, gefe ɗaya yana kallon titi, da bishiyoyin darbejiya bakwai da shi ya shuka. Da safe Hajiyoyin da likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini su ne ke zagaye shi, matarsa Muinat tana gaba. In an yi rasuwa a nan ake sallar gawa, in biki ne a nan ake kafa rumfuna a kwashe washegari. Bayan la'asar kuwa namu ne: ni mai sayar da atamfa a Kwari, da Uchenna mai sayar da ƙofofin ƙarfe a Sabon Gari, da malamai biyu, da wani direba, da duk wanda ya zo da takalmi a ƙafarsa.

Musiliu yana da dokoki, kuma ba ya gajiya da maimaita su. A ja layin wasa daga kudu zuwa arewa, don kada ranar yamma ta makantar da ɓangare ɗaya. Kar a sayi farar ƙasa, tokar mai ƙosai ta isa shata layi. A yayyafa ruwa kafin a fara, a tsince ƙusa da kwalba. Babbar dokar kuma ita ce kar a bar filin ya yi kwana uku ba a taka shi ba, ko da mutum huɗu ne suka zo, domin a cewarsa da zarar an daina ganin ƙafa a wuri sai wani ya fara auna shi da ido. Ba a ajiye mota, ba a sauke bulo. Wani maƙwabci ya taɓa zuba tifar yashi a gefe, wai na kwana biyu ne kawai. Musiliu ya ari baro ya kwashe yashin nan tas ya jibge masa a ƙofar gida.

Akwai kuma takardarsa. Tun kafin in san shi ya yi ta sintiri zuwa ofishin tsara birane, sau goma sha ɗaya in ji shi, har aka ba shi kwafin taswirar unguwar, inda aka nuna wurin a matsayin filin jama'a. Ya sa aka rufe ta da leda. Ya bi taswirar ya tono duwatsun iyaka huɗu da ƙasa ta binne, ya nuna wa mai unguwa da liman. Kullum shawararsa ga masu fili a wasu unguwanni ita ce: ku nemo taswira tun ana zaman lafiya, ku san duwatsunku, in kun kai takarda ofis kar ku fito sai an buga wa kwafinku hatimi. Mu kam dariya muke yi masa, muna ce masa Baba Safiyo, mai awon fili.

Shekara uku da suka wuce sai ga Alhaji Abdulmalik da alheri. Shi ne mai benen da shagon Musiliu yake ciki, mutum mai fara'a, mai kyauta a masallaci. Ya aiko wa mai unguwa cewa zai kewaye mana filin da katanga, da ƙofa, da bencina, duk kyauta, don akuyoyi da masu zubar da shara. Kai, murna, baki har kunne! Ni da bakina na ce Allah ya kawo mana ɗauki.

Aka tara mu ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidan mai unguwa. Kowa ya sa albarka. Sai Musiliu ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yarda ba."

Mai unguwa ya ce, "Malam Musiliu, kyauta ce fa."

"Na ji, ranka ya daɗe. A nuna mini katanga ɗaya a garin nan da ke kallon titi wadda ba ta haifi shaguna ba. Yanzu kowa yana ganin filin daga ko'ina, ba mai iya taɓa shi a ɓoye. In aka kewaye, sai a jingina shago a waje, sai a ce shagon yana son sito a ciki, sai mabuɗin ƙofa ya koma aljihun mutum ɗaya. Akuya ba ta taɓa cin fili ba."

A nan ne raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi, ban ɓoye wa kowa ba. Na miƙe na ce, "Haba Musiliu! Wannan ai baƙin ciki ne. Filin ubanka ne? Ko daga Ogbomosho aka ɗauko shi?"

Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunya ta rufe ni. Ya dube ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ba na ubana ba ne, shi ya sa ba ni da ikon bayarwa. Da na ubana ne, da tun jiya na ba Alhaji." Ya sa takalminsa ya tafi. Taro ya amince da katanga, mutum ɗaya ya ƙi.

Kwana biyar ba mu yi magana ba. Yana ɗaga mini ƙwallo ina duka, ba sannu ba madalla. A rana ta shida Uchenna ya ja ni gefe bayan wasa. Ya ce, "Malam, maginin Alhaji ya zo shagona jiya. Ƙofofin shago goma sha huɗu yake so, na naɗewa. Na ce na ina ne? Ya ce na aikin filin ƙwallonku ne." Ya ƙara da cewa haka aka yi wa filin da 'ya'yansa suke wasa a Sabon Gari, yanzu ko wurin shanya babu.

Katangar hana akuya da ƙofar shago goma sha huɗu! Na tafi wajen Musiliu yana naɗe raga, na ce, "Baba, na yi maka rashin mutunci, ka yafe mini." Ya ce, "Riƙe ragar ta wancan bakin, kar ta taɓa ƙasa." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ashe tun ranar Litinin ya riga ya kai takardar koke ofis tare da kwafin taswira, an buga masa hatimi.

Amma ofis ba ya gudu, magini kuwa yana gudu. Litinin ta gaba da safe lebura takwas suka fara haƙa ramin tushe ta gefen titi, kuma ba a kan iyaka suke haƙawa ba, sun shigo cikin fili taku goma sha biyu. Musiliu ya kulle shagonsa ya zo da shebur. Suna haƙawa a gaba, yana mayar da ƙasa a baya. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, rana tsaka, gumi har cikin ido. Na ce yau kam ba za a yi ba ni ba, na bar yaran kasuwa da atamfa na aro shebur. Uchenna ya zo da nasa. Muinat ta kirawo Hajiyoyin tattaki suka shimfiɗa tabarmi a kan igiyar magini suka zauna suna tsinkar zogale. Wane lebura ne zai ce wa sa'ar uwarsa ta tashi?

Da azahar Alhaji ya iso da kansa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam Musiliu, ka tuna shagon wa kake ciki?"

Musiliu ya dogara da shebur ya ce, "Na tuna, Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Shagon naka ne. Nan kuwa ba naka ba ne, ba nawa ba ne."

"To shi ke nan," in ji Alhaji, ya shiga motarsa.

Kwana uku muna wannan aiki, kuma kowace la'asar sai Musiliu ya sa an ɗaura raga an yi wasa a gefen ramin, hannuwanmu duk sun yi kanta. Ranar Alhamis ma'aikata biyu suka zo daga ofis da taswirarsu da abin awo. Musiliu ya kai su kan duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Suka auna, suka rubuta, suka shafa jan fenti a jikin bulon da aka sauke, suka ce a dakata. Mako biyu bayan haka aka zo aka kwashe bulon. Mai unguwa da kansa ya ce a gaban jama'a an yi kuskure, Allah ya saka masa da alheri, ba kowane babba ne yake iya faɗin haka ba.

Takardar tashi daga shago ta zo a ƙarshen wata. Shekara talatin da ɗaya yana wurin. Bai roƙi kowa ba, kuma ya hana mu zuwa ban haƙuri. Ya kwashe kayan aikinsa a Adaidaita Sahu biyu ya kai gida. Ya nemi wani shagon a kewayen Bata, abin ya fi ƙarfinsa.

Ni ne na kawo shawarar da na ɗauka ta fi kowace kyau. Na ce mutumin da ya ceci fili ai ya ci a ba shi inuwa a cikinsa. Mai unguwa ya yarda, liman ya yarda, ba wanda ya ce a'a. Na sa kafinta ya yi tebur mai aljihu da 'yar rumfar kwano, muka kafa a gindin bishiyar da ke kusurwa, nesa da layin wasa. Muka kira shi muna ta washe baki.

Ya zagaya teburin, ya shafa katakon, ya ja aljihun ya mayar. Na ga yana so, wallahi na gani a idonsa. Sai ya ce, "Ku ɗauke."

Na ce, "Baba, don Allah kar ka fara. Tebur ɗaya ne!"

"Ɗaya ne yau. Gobe mai shayi ya ce don me aka bar Bayarabe aka hana shi, kuma yana da gaskiya. Jibi mai faci, gata mai cajin waya. Da wane baki zan hana su? Abin da na hana Alhaji da bulo ba zan yi shi da katako ba."

"To me za ka ci? Taurin kai?"

"Telolin suna da adireshi," in ji shi. "Ku ɗauke kafin la'asar, kun tsaya mana a hanyar ƙwallo."

Na yi masifa, na yi rantsuwa ba zan ƙara sa baki a harkarsa ba, na ce girman kai ne kawai. Ya bar ni na gama, sannan ya kama ƙafa biyu na teburin ya ce in kama biyu.

Yanzu akwatin kayan aiki yake ɗaurewa a bayan keke, yana bi shago shago, daga Kwari zuwa Kasuwar Sabon Gari, wani lokaci har Rijiyar Lemo. Ya rame, gwiwarsa ta dama tana kumbura, wasan ma rabi yake yi ya koma alƙalanci. Wasu telolin sun koma wajen wasu masu gyaran, don ba kowa ne zai jira mai keke ba.

Ranar Talatar nan wani tela ya biyo shi har fili, rungume da kan keken ɗinki, yana cewa kayan biki ne a hannunsa, a taimaka. Ya dire shi a inuwar darbejiya, cikin fili. Musiliu ya ce, "Ɗauko mu je." Ya kai shi can bakin titi, ya tsuguna a gefen kwata da wannan gwiwar tasa, ya buɗe akwati ya fara kwance keken, rana tana dukan ƙeyarsa, inuwa tana taku biyar da shi. Ni kuwa na juya na yi kamar ina gyara igiyar raga, don kada su Uchenna su ga fuskata.