Mode da Tafiyar Tsutsa

Tun da aka saki ruwan dam ɗin Goronyo noman rani ya kankama, Mode na Kagara bai taɓa mallakar ko taku ɗaya na fadama ba. Abin da ya mallaka tankin feshi ne, da bayan da ke goya shi. Duk wanda tsutsa ta faɗa wa masara ko albasa, Mode zai aika a kira.

Yana son aikinsa, har da taƙama. In ya gama feshi sai ya tsuguna ya buɗe ganye ya sha kallo: tsutsa ta daina ci, ta kama karkarwa, gabanta ya miƙa bayanta ya ƙi bi, ta dunƙule ta faɗo. Sai ya yi dariya ya ce ta bugu.

Da hannu yake dama magani. In kan famfo ya toshe, baki yake sawa ya hura. Kariyarsa ɗaya ce, wadda masu feshi suka yarda da ita: ƙwaryar nono bayan aiki, wai tana wanke dafi. Matarsa Safara'u ba ta taɓa bari ya rasa ba, ko da ita za ta wuni da yunwa.

A kwana a tashi tsutsa ta raina magani. Masu gona suka ce Mode ya koyi ha'inci, ruwa yake cikawa. Maganar ta ƙona masa rai, ya ninka maganin, ya riƙa haɗa iri biyu.

Hannun Mode ne ya fara rawa, sai ƙafa ta bi. Augustina, ma'aikaciyar jinya a Goronyo, ta yi musu bayani shi da Safara'u cewa a jikin tsutsa akwai wani sinadari mai sa jijiya ta huta. Shi maganin ke kashewa, kuma mutum ma yana da irinsa. Jikokin tsutsa sun koyi narkar da dafin, jikin Mode bai koya ba.

"To nonon da nika ba shi hwa, Malama, mi yay yi?" in ji Safara'u.

"Ya ƙosar da shi, Mama. Shi ke nan."

Masu gona suka sami wani mai feshin. Cikin waɗanda suka kira shi maha'inci babu wanda ya leƙo dubiya, abin da har yau yake ci masa rai.

Rannan yana zaune a gindin zana, Safara'u ta zube wa akuya ganyen masara mai warin magani. Wata tsutsa ta fito ta hau tabarmarsa, tana tafiya sambal, lafiya lau. Mode ya miƙa yatsa zai murƙushe ta. Yatsan ya yi rawa ya sauka gefe, ta wuce abinta.