Filayar Baba Yanke

Kullum da safe, kafin masu shaguna su gama shara, Baba Yanke ya riga ya shigo layin da jakarsa a kafaɗa. Mai gyaran wutar lantarki ne, amma da hanci yake fara aiki. Zai tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iska, ya taɓa soket da bayan hannu. In ya ji ƙauri, ko ya ga wayar da ta tsage an naɗe ta da leda, sai ya zare ta, ya ciro filaya, ƙit! Ya yanke kan wayar ya jefa a jaka. A nan ya samo sunansa, kuma ba don ƙauna aka sa masa ba.

Mai guga na ƙarshen layi ya fi kowa shan wannan filaya.

"Haba Baba! Kayan mutane jibge, ka yanke min waya? Da haƙorina zan goge su?"

"Goge da haƙorin, ɗana. Haƙori ba ya kama wuta."

Mai guga ya daɗe ba ya gaishe shi.

Kaɗan ne suka san dalilin wannan taurin kai. A farkon aikinsa, ya ga wayar firjin ƙanwarsa mai sayar da ƙanƙara ta fara narkewa. Ya ɗaga filaya, ta riƙe masa hannu. "Yaya, don Allah ka bari zafin nan ya wuce." Ya ji tausayinta, ya naɗe wayar da salatif ya tafi. Shagon ya ƙone da rana tsaka. Ta tsira, amma tabon yana hannunta har yau. Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba. Shi ne bai yafe wa kansa ba.

Kai ne, Baba, ka zaɓi a ji haushinka da a zo jaje. Kai ne wanda aikinsa ba ya ganuwa, domin gobarar da ba ta tashi ba babu mai ba da labarinta. Shekara da shekaru layin nan ya kwana lafiya, aka ce sa'a ce.

Yanzu ido ya yi rauni, hannu yana rawa, ya ce ya ajiye aiki. Ranar da ya zo sallama, abin da ke damunsa ɗaya ne: wa zai yarda a yi fushi da shi bayansa? Sai ga mai guga, furfura ta fara fito masa, riƙe da dutsen guga.

"Baba, duba min wannan. Kamar ina jin ƙauri."

Baba ya shinshina, ya gyaɗa kai. Ya ɗora filaya a kan wayar, hannun ya ƙi matsewa. Ya sake gwadawa. Mai guga ya karɓa a hankali, ya yanke da kansa. Da ya miƙo filayar, Baba ya tura masa ita.

"Riƙe. Za su zage ka, ka daure."

Mun gode, Baba, ko da godiyar ta makara. Allah ya ba ka lafiya da hutu. Mu kuma, kowa ya duba bayan firjinsa yau. In ya ga salatif, kada ya bari zafi ya wuce.