Hoton da ya raba ni da gamanata

A garinmu, kusa da Sae Sabuwa, ba wanda ke riƙe ranar da aka haife shi. Ni dai tawa a rubuce take, don wani malamin lakol, wato makarantar boko, da ya sauka a zaurenmu ya matsa wa babana sai da ya yi mini takardar haihuwa. Ranar ba ta taɓa yi mini amfanin komai ba, har na cika shekara talatin a Lome ina gadin gidan wani attajiri. Ta zo daidai da bikin ƴancin kan Togo, ƙarshen watan huɗu.

Damana uku ke nan ban yi a gida ba. Ƴan ci-rani na kirki da sun ji an ga hadari sai su ɗaure kaya, ni kuwa kullum sai in ce baɗi. Duk da haka Baba bai taɓa gamanata ba, ƴar gonar da ya yanka mini daga gandu lokacin da na yi aure. Ƙanena ke noma ta, a zuba hatsin a rumbun matata. Rani biyu a jere Baba ya roƙi wani Bafulatani ya kwantar da shanunsa a cikinta saboda taki, yana cewa in na dawo in tarar da ƙasa mai rai. Ƙanen nawa shi ma ya yi aure, har matarsa ta haihu, amma ba shi da gamana, don gandun ya kai inda ba ya yankuwa. Bai taɓa yi mini maganar ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tun farkon watan maigidan ya kira ni ya ce ƙarshen watan biyar aikina ya ƙare, zai kawo masu gadi na kamfani. Ke nan na san bana gida zan yi damana, na kuma san ba ni da komai a duniya sai gonar nan.

Ranar da safe maigida ya kwashe iyalinsa suka tafi ƙauyensu hutun biki. Gidan ya rage daga ni sai mai dafa abinci, wata dattijuwa ƴar ƙasar da nake kira Tanti. Ina zaune a ƴar rumfata bakin ƙofa, rediyon maƙwabta na ta kaɗa badujala, sai ta leƙo ta taga.

Ta ce, “Kai, mutumin Nijar, kulle ƙofar ka shigo. Ba ɓarawon da zai zo, su ma yau hutu suke.”

Na tarar ta yi ɗan gato, wato kek, kamar tafin hannu, ta soka masa kyandir ɗaya irin na ɗaukewar wuta. Ashe ta ga ranar a katin shaidata tun lokacin da aka ɗauke ni aiki.

“Shekara nawa?”

Na ce talatin.

“Ƙarya kake. Da wannan furfurar? Hura dai kafin ya narke mini a kan gato.”

Shekara uku ina jera kujeru a bikin ƴaƴan gidan, ina kwashe faranti, ba wanda ya taɓa yi mini irin wannan. Da na tsaya a nan na ci na gode mata, da ba abin da zan rubuta yau. Amma na hango kwat ɗin maigida da aka goge an rataye, na hango salo, wato falon gidan, da kujerunsa farare da talabijin mai cin rabin bango. Na roƙe ta ta ɗauke ni hoto ɗaya a ciki. Ta ƙi, na nace, ta yi tsaki ta karɓi wayar. Na saka kwat, na ɗora ƙafa kan ƙafa, gato a gabana.

Ta ce, “Ka kalla ka goge. Ba ruwana.”

Ban goge ba. Kafin azahar na tura wa ƙanena. Ban ce gidana ne ba. Da ya tambaya ko ina ne nan, na ce inda Allah ya ajiye ni. Na daɗe ina riƙe da wannan a matsayin hujja, wai ban yi ƙarya ba. Na san abin da nake so su ɗauka, kuma shi suka ɗauka.

Bayan la’asar waya ta yi ƙara. Ƙanena ne, ya ce ga Baba. Ina jin hayaniyar gindin itacen bedi inda ake zama bayan salla, ina jin muryoyin abokaina. Wani ya ce a gaida Alhajin Lome, wani ya ce a tambaye shi ko kujerun da madara ake wanke su. Aka yi dariya. Ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Baba ya ce, “Ɗan nan, na ga hoto. Allah ya ƙara rufin asiri.”

Na ce amin.

“Tambaya ɗaya gare ni. An fara sharar gonaki. Bana za ka zo noma?”

Hayaniyar ta lafa, na san an buɗe wayar kowa na ji. Amsar gaskiya tana bakina. Na ce, “Baba, aiki ya yi mini yawa, wurin nan ba ya baruwa.”

Ya ce, “To, alhamdu lillahi. Ka ga ƙanenka ya yi iyali, yana ta wahala a gonar da ba tashi ba. Tunda Allah ya buɗa maka can, ina so in bar mishi gamanar. Amma ba zan yi ba sai da yardarka.”

Na ce, “Ba komai, Baba. A ba shi.”

Wani daga gefe ya ce haka ake son babban wa. Baba ya sa mini albarka. Washegari ya kira mai gari da liman, aka taka iyakar gonar a gabansu.

Na koma rumfata da sauran gato a takarda. Tanti ta fito za ta tafi gida, ta dube ni ta ce ko bai yi daɗi ba ne. Na ce ya yi.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan faɗe su ba. Na bi unguwar ƙofa ƙofa ina neman gadi, ko’ina an ɗauki na kamfani ko akwai mai shi. Na je bakin tashar jirgin ruwa neman dako, aka ce sai da wanda ya tsaya mini. Kullum in fiddo waya, in kai ga lambar ƙanena, in mayar aljihu. Ina gaya wa kaina in na samu wani aikin ba wanda zai sani. Matata kuwa ta turo saƙon murya tana dariya, wai matan gari sun ce ta shirya, za a zo ɗaukarta ita da yara. Ta tambaya ko gaske ne a can ruwan teku ba ya shawuwa. Na saurara sau biyu, ban amsa ba.

Sai da ya rage kwana huɗu in bar gidan na kira. Na roƙi ƙanena ya kai wa Baba wayar cikin ɗaki, shi kaɗai. Na faɗa mishi duka: kwat ɗin, salon, rumfar da nake kwana, aikin da ya ƙare.

Ya ce, “Ranar da na tambaye ka, ka sani?”

Na ce na sani.

Na jira faɗa, bai yi ba. Ya ce, “An yi ruwan shuka shekaranjiya. Ƙanenka ya shuka ta, shi da matarsa. Na faɗa a gaban mutane, ɗan nan. Me zan koma in ce musu?” Can ya ƙara da cewa, “Ka zo gida dai.”

Na sauka a Gidan Rumji da jaka ɗaya, na hau amalanken wani mutumin garinmu. Bai tambaye ni komai ba, da haka na gane labari ya riga ni. Hanya ta bi ta gefen gonar. Hatsi ya fito, ya fi na maƙwabta duhu saboda takin shanun. Matata ta kawo mini ruwa, ta yi mini sannu da zuwa, ta koma ɗaki. Kwana uku ba ta ƙara da komai ba, sai a na huɗu ta ce da na gaya mata ita kaɗai, da ba ta yi ta raba wa mata tukwanenta ba.

A satin nan ƙanena ya same ni bayan gida.

Ya ce, “Yaya, mu raba ta biyu. Ka ɗauki gefen da ka ga dama.”

Matarsa na daka a kusa, na ji taɓaryar ta tsaya. Na san rabin gonar nan ba ya ciyar da gida ɗaya har kaka ta zagayo. Na ce a’a, an ba ka, ka riƙe. Har yau ban sani ba ko tausayinsa ne ya sa na ƙi, ko dai halin nan nawa ne bai sake ni ba.

Damanar nan da safe ina gandu, da yamma ina ƙwadago a gonakin mutane har wajen Cadakori. Rumbun matata ya zauna wayam. Kowace safiya takan ɗauki ƙwarya ta je wurin innata a auna mata, ita da a da take auna wa wasu. Ba na iya kallonta in za ta fita, sai in sami abin yi a bayan ɗaki.

Yanzu an sake fara sharar gonaki. Baba ya ce shi ya gama magana, in akwai abin da nake so, tsakanina da ƙanena ne. Sau biyu na je har ƙofar ɗakin ƙanen nawa don in ce ya ba ni rabin da na ƙi. Duk biyun na tarar da ɗansa na rarrafe a bakin ƙofa, uwar na dama fura, sai na gaisa na tambayi lafiyar yaro na fito.