Alkamar Malam Umaru

Har yau ban manta da ranar da na fara ganin ƙwaryar nan ba. Wata Talata ce, a shekarata ta biyu ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a wani asibitin karkara a ƙasar Goronyo. Wani magidanci ya shigo riƙe da ƙwarya lulluɓe da farin ƙyalle, ɗaya hannun yana tallafe da matarsa. Kafin ta zauna sai da ya share mata benci da gefen rigarsa. Ni kuwa a lokacin littafin soyayya ba ya rabuwa da aljihun rigar aikina, sai na ji kamar daga cikinsa suka fito.

Sunansa Malam Umaru, manomin rani daga Boyekai, ita kuma Hajara. Ta rame ƙwarai, ciki a kumbure, gudawa ba ta yankewa. Ƙa'idarmu a yanki kati, a auna nauyi da jini, sannan a tambayi abin da mutum ke ci. Shi ya amsa. Ya ce tun da ta fara rashin lafiya ya ware fadama guda ya shuka mata alkama, tunda kowa ya san abincin masu jinya ce. Da kansa yake kai niƙa, ba ya bari a fitar da dusar. Kunu da safe, tuwo da rana, alkaki in ta yi marmari. Tuwonta ne ma a cikin ƙwaryar. Shi da yara dawa suke ci.

Na yaba masa. Haka aka koya mana, cewa alkama da dusarta ta fi farar fulawa amfani, kuma gaskiya ne ga yawancin mutane. Na ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙarin jini, na ce ya ci gaba. A zuci ina roƙon Allah ya ba ni mai noma mini gona guda.

Sau uku suna dawowa, nauyinta yana raguwa. A na ukun shugabarmu, Hajiya Balki, ta karɓi katin ta tambayi lokacin da ciwon ya tsananta. Aka lissafa, ya faɗa kan girbin alkamar farko. Nan take ta rubuta musu takardar zuwa babban asibiti a Sakkwato.

Da suka dawo da sakamako, Hajiya ta yi masa bayani. Akwai wani sinadari a alkama da ake kira gulutin, hanjin wasu mutane ƙalilan ba ya ɗaukarsa, Hajara na cikinsu. Ba ita ba biredi, taliya ko fanke har abada. Gero, dawa da shinkafa ba su da shi, in ta ci da dusarsu sun wadatar.

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. "Hajiya, mi kika ce? Ashe da hannuna nike ba ta ciwon?"

Sai a ranar na ji muryar Hajara. Ta ce ta daɗe da lura cikinta na murɗawa bayan kowane tuwo, amma ta ga yadda yake wuni cikin laka yana ban ruwa, ba ta iya ture ƙwaryar ba.

Abin da nake faɗa wa sababbin ma'aikata ke nan: sau uku tana zaune gabana ban tambaye ta ba, ina can ina kallon mijinta yana sonta. A ƙauyukanmu mai rakiya ne ke amsawa. Ku saurare shi, sannan ku juya ga mai ciwon.

Shekaru da yawa bayan haka, ina jiran motar Wurno a Achida, wata mai fura ta kira ni da Malama. Hajara ce, ta yi ƙiba har na kasa gane ta. Na tambaye ta Malam Umaru, ta ce damina biyu ke nan da rasuwarsa. Tun daga shekarar da aka gano ciwonta bai sake shuka alkama ba. Ta kwance wani ɗan ƙulli a bakin zanenta, ƙwayoyin alkama ne da ba su cika tafin hannu ba, ragowar girbinsa na ƙarshe.

"Ba ni ci, Malama," in ji ta. "Dubawa kawai nike yi."