Ranar da Na Fasa Tukunyar Iya

Shekaranjiya da hantsi akuyar maƙwabta ta tsallako katanga ta tattake min ɗoɗɗoyar da ke bayan ɗakina. Na fito da sanda zan kore ta, sai ƙamshin ganyen ya tare ni a bakin ƙofa. Na tsaya da sandar a hannu har akuyar ta ci iya cinta ta yi gaba. Ba ita nake gani ba. Kakata nake gani, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya, zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, da ɗan ƙoƙo a hannunta.

A lokacinmu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Rano da Kibiya, shayin kanti bai shigo cikin gida ba. Maza ne ke kawo labarinsa in sun kai gyaɗa Rano, su ce sun ga ana sha da farin sukari a bakin kasuwa. Mu namu shayin daga dutse yake. Wani ganye ne ɗan'uwan ɗoɗɗoya, sai dai nasa ganyen ƙanana ne, yana fitowa a tsagar duwatsun da ke gabas da gonarmu. Duk damina yana nan, ko awaki ba su cika kula shi ba. In ka tsinka a lokacin, ɗanyen ruwa kawai za ka ji. In ka bari ya yi fure, sai ɗaci. Daɗinsa na 'yan kwanaki ne kacal, bayan an yanke gero, dawa ta fara sunkuyar da kai, ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta gama bushewa ba. Wadda ta san waɗannan kwanaki a duk karkararmu, Iya ce.

Allah ya ba tsohuwar nan harshe. A ba ta ruwa a moɗa, ta kurɓa, ta faɗi rijiyar da aka ɗebo shi. A kawo mata miya daga maƙwabta, ta lasa, ta ce daddawar ba ta gama nuna ba aka daka. Matan gari suna tsoron bakinta, suna kuma alfahari da shi. Amarya in Iya ta ce girkinta ya yi, to ta zauna ke nan da daraja.

Kowace shekara ita kaɗai ke hawa dutsen. Ta tauna ganyen wannan tushe ta tofar, ta tauna na wancan, sai ta sami wanda ya kai. Ta kawo ta baza a faifai a cikin ɗakinta, ba ya ganin rana, ba ya jin hayaƙi. In ya bushe ta zuba a ƙwarya ta rufe ta ɗora a ragaya, yaro bai isa ya taɓa ba. Sannan ta aika a gaya wa tsofaffin gari ranar sabon ganye. Ƙa'idar ranar ita ce ba wanda zai ɗanɗana kafin ita. A dafa a wata 'yar tukunyar ƙasa da ba ta taɓa ganin mai ko gishiri ba, ta sha ƙoƙon farko a gaban kowa, ba zuma, ba mazarƙwaila, ta faɗi yadda na bana ya zo. Daga nan a zagaya da shi, kowacce ta tafi gida da ɗan ƙullinta.

Shekarar da ake ta zancen Turawa za su tafi, ina yarinya ban fi ɗaukar tulu ba, zazzaɓi ya kwantar da Iya tun tsakiyar damina. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma sanyi ya shige ta. Ita da ba ta yarda a shiga ɗakinta da ko garwashi a wannan lokaci na shekara, sai ga ta tana hura wuta a ƙarƙashin gadonta na ƙasa safe da yamma.

Sai ta fito da wani sabon hali. In ana girki ta kira ni, ta miƙo min ludayi.

"Zo nan, ja'ira. Ɗanɗana ki gaya min abin da babu, in ga ko kina da kai."

In na ce gishiri, ta ce, "Da kin faɗi wani abu daban da kin sha ranƙwashi." Ni kuwa ina ta fankama, ina ganin koya min take yi. Sai wata rana na gan ta da ragowar furar da ta kwana ta sake kwana, wadda tsaminta ya sa ni kaina na ture ta da safe. Ta shanye tas, ta goge baki, ta ce kai, furar nan ta yi garɗi. Na dube ta, ba wasa a fuskarta. A nan na gane zazzaɓin nan bai tafi hannu wofi ba. Ya tafi da harshen Iya, ya haɗa da hancinta. Ban gaya wa kowa ba, ko innata. Yarinya ce ni, amma na san abin da mutum ya ɓoye da hannu biyu ba a buɗe masa.

Da lokaci ya yi ta hau dutse kamar kullum, ta dawo da ganye, ta shanya a ɗakinta. Ta aika aka gaya wa tsofaffi.

Ranar suka cika tsakar gidanmu da hantsi. Cikinsu har da taubashiyar Iya da ta taso tun daga Kibiya a kan jaki, wata siririyar tsohuwa mai baki kamar aska. Ita da Iya tun suna 'yan mata suke tsokanar juna, kuma duk abin da ya shiga kunnenta kafin kasuwa ta ci ya zaga gari uku. Tana sauka ta fara.

"Ashe ba ki mutu ba? Ni da na zo da shirin rabon kayanki."

Iya ta ce, "Me zan bar miki? Tsintsiya ce kawai daidai ke."

Aka yi dariya. Iya ta sauko da ƙwarya, ta ɗebi ganye da kanta ta zuba a tukunya, ta ce in ɗora a murhu in tsaya a kai. Aikina ke nan a shekarar, in ya tafasa in kawo mata.

Da ya fara tafasa na ɗaga murfi, tururin ya bugi fuskata. Ba ƙamshin da na sani ba ne. Ƙauri ne, irin na tsumman da ya daɗe rataye a madafi. Hayaƙin wutar da take hurawa a ɗaki ya shiga ganyen ya zauna. Na dangwala yatsa a ɓoye na lasa, sai da na runtse ido.

To ku duba min. In na kai mata, za ta kurɓa a gaban matan nan, ta lumshe ido yadda ta saba, ta ce na bana ya yi kyau. Sannan ƙoƙon ya wuce hannun taubashiyarta. Kurɓa ɗaya za ta yi, kowa ya san Iya ta yaba abin da ko akuya ba za ta sha ba, ya kuma san ta daɗe tana yanke wa mutane hukunci da harshen da ba ta da shi. In kuma na je na raɗa mata a kunne, ido nawa ne a kanmu? Yarinya ta gyara wa Iya shayi, ai wannan ya fi na farkon muni.

"Ke, barci kike yi a gindin murhun?" in ji innata.

Na sa tsumma na ɗauko tukunyar. Na taho a hankali har na zo daidai turmi. Na ga turmin sarai. Na kai masa ƙafa.

Tukunyar ta tarwatse, ruwan zafi ya wanke min bayan ƙafar dama. Tabon yana nan har gobe, duk mai so ya zo in nuna masa. Na ƙwalla ƙara ta gaske, don zafin ba na ƙarya ba ne. Innata ta taso ta zuba min dundu tana cewa na kunyata gida, tukunyar da ta girme ta ita kanta. Taubashiyar Iya kuwa cewa take, "Ku bar ta, gado ne. Kakarta ma haka take da rawar kai." Wata ta ce a samo wata tukunyar a sake dafawa. Iya ta ce a'a, ba a dafa shi a tukunyar miya, kowacce ta yi haƙuri sai ta sake aikawa. Duk maganar nan da take yi idonta yana kaina.

Da la'asar, bayan gida ya watse, ta kira ni ɗakinta ta ɗora ƙafata a cinyarta tana shafa min zuma da gashin kaza.

"Ke da kike ɗauko tulu tun daga rijiya ba ki taɓa zubar da ɗigo ba," ta ce. "Gaya min."

Na kau da kai gefe.

"Ba dukanki zan yi ba."

"Iya, hayaƙi ya kama shi."

Hannunta ya tsaya. Ta juya ta dubi tokar da ke ƙarƙashin gadonta, ta daɗe tana dubanta.

"Sosai?"

"Sosai."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar furar nan."

Ban taɓa ganin hawayen Iya ba, ranar ma ban gani ba. Sai dai ta ci gaba da shafa zumar a inda ta riga ta shafa, tana ta maimaitawa, har na ce mata ya isa.

Ganyen gaban dutse ya riga ya yi fure, amma akwai wani lungu ta bayansa inda rana ba ta daɗewa, nasa yakan makara. Da ƙafata ta ɗan yi dama, ta ɗora ni a jakin babana ta ja ni har can. Ban taɓa zuwa ba sai ranar. Ta riƙa tsinko ganye tana sa min a baki. "Kada ki haɗiye. Tauna da haƙoran gaba. Me kika ji?" In ce ɗanye ne. Mu matsa. In ce wannan ya fara ɗaci. Mu matsa. Har muka zo wani tushe a cikin tsaga, na tauna, wani sanyi ya bi ta hancina ya fito, bayansa ɗan zaƙi ya biyo can ƙasan harshe. Fuskata kawai ta duba. Ta ce, "Shi ne. Riƙe shi da kyau, ni ba zan ƙara jin sa ba."

A rumbun da aka kwashe muka shanya shi, nesa da kowace wuta. Ta sayo sabuwar tukunya, muka yi ta tafasa ruwan gero a ciki muna zubarwa har warin ƙasa ya fita. Ta sake aikawa, tsofaffin suka dawo.

Wannan karon na kawo tukunyar lafiya. Iya ta tsiyaya a ƙoƙo, ruwan ya fito garau, launinsa kamar sabuwar zana. Kowa yana jira ta kai baki. Sai ta miƙo min.

"Zazzaɓi ya ɗauke min harshe," ta ce, murya a sake kamar mai ba da labarin wani. "Wancan ganyen hayaƙi ya ɓata shi ban sani ba. Yarinyar nan ta ƙona ƙafarta don kada ku ji. Daga yau ga harshena nan. Sha."

Na karɓa na kurɓa. Da fari zafi ne kawai. Sai ƙamshin ya buɗe, kamar ƙasa in ruwan farko ya taɓa ta, da ɗan yaji-yaji mai laushi da ba ya cizo. Na haɗiye, sanyin nan ya sauka har ƙirji, zaƙin ya tsaya a baya ya ƙi tafiya. Na ce, "Na bana ya fi na bara sanyi, amma bai kai shi ƙarfi ba. Ruwan sama ya yi masa yawa."

Taubashiyar Iya ta karɓa ta kurɓa, ta juya shi a baki. Kowa ya zuba mata ido, don an san in za a yi wa Iya dariya daga nan za ta fito. Ta sake kurɓa.

"Gaskiyar yarinyar," ta ce. Sannan ta dubi Iya. "To ke kuma ai gara haka. Ko ma samu mu yi miyarmu cikin kwanciyar hankali." Ta matsa kusa da ita ta riƙe mata ƙoƙon da hannunta. "Sha ko don ɗumin, tsohuwar banza."

Iya ta sha. Ko a kasuwar Kibiya ba a taɓa jin zancen nan daga bakin matar ba.

Daga shekarar ni ke hawa dutse, har bayan aurena, har bayan Iya ta koma ga Allah. Ba yabon kai ba, an san ni da shi. Yanzu masu fasa dutse sun cinye gefen gabas, motoci na kwasa. Kowace kwanar titi akwai mai shayi da tebur da burodi, a zuba madara da sukari har cokali ya kusa tsayawa, a sha a tsaye a hau babur. Ba na zagin kowa, zamaninsu ne.

Ni dai har yau ina girkina da kaina, kuma ban ji wanda ya kushe ba. Sai dai kwanan baya na ɗora miyar kuka na juya zan ɗauko mara, ta gefen ido na ga jikata ta lasa, ta waiga ko ina kallo, ta ɗebi gishiri ta watsa da sauri ta mayar da murfi. Da na juyo ta ce, "Hajiya, miyar nan taki ta yi daɗi."

Na daɗe ina kallonta. Na ce, "Na sani. Matso kusa, riƙe min ludayin nan."