Kujerar Malam A

Duk wanda ya zauna da Malam Ladan Ceberu a ƙungiyar malaman kwalejinmu ya san aljihunsa na dama. Ƙuli-ƙuli ne a ciki, rani da damina. In hukumar makaranta ta kira mu zaman sasantawa, aka jera kaji da lemo a kan tebur, sai ya ture farantinsa, ya ciro ƙuli-ƙulinsa, ya hau gurgura har shugaban kwaleji ya rasa jin maganar kansa.

Wata rana Rijistara ya ce, "Haba Malam, kaza ce fa, ba cin hanci ba."

Ya ce, "Ranka shi daɗe, in baki ya ci, ido ka jin kunya. Ni ko da idona niz zo aiki."

Ya waiwaya ya ga shugaban ƙungiyarmu da cinya a hannu. Ya ce, "Ci abinka, Shugaba. Amma in ka ƙare, ja kujerarka ka koma wajensu."

Nahawun Hausa yake koyarwa, kuma a duk faɗin nahawu abokin gabarsa ɗaya ne, wato ɗan ƙaramin "a" ɗin nan na "za a yi" da "an ce". Ba ya barin sa ya wuce. A tashar Kalgo, inda yake shiga mota kullum, kwandasta ya ce masa yanzu za a tashi, ya ce, "Wa za shi tashi? Direba na can shina cin tuwo." Matarsa Inna Hajo ce kaɗai na ga ta kayar da shi. Ina zaure ya leƙa ciki ya ce, "An ƙare abinci?" Ta ce, "Wa na 'an'? In ni kaka tambaya, sunana Hajo." Ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce mini shekara ashirin yana koyarwa, ɗaliba ɗaya ce ta fahimta.

Mu dai dariya muke yi masa, har lokacin da abin ya zo kaina.

Zamanin soja ne, muka tafi dogon yajin aiki kan alawus da littattafan laburare. Hukuma ta rasa wanda za ta huce a kansa, sai ta sallami mu bakwai, ƙananan malamai da ba a tabbatar da mu a aiki ba. Na koma gida Kambaza ina taya yayana noman albasa, matata da tsohon ciki, surukina a Gwandu ya fara gaishe ni a daƙile. Ban taɓa jin tsoro irin na watannin nan ba.

Da aka gaji, hukuma ta kawo takardar yarjejeniya. Malam Ladan na cikin wakilanmu masu sa hannu, kuma yana da ƙa'ida: ba ya sa hannu sai an karanta masa kowane sashe da Hausa, don a cewarsa Turanci riga ce mai yawan aljihu. Rijistara ya yi ta fassarawa, komai lafiya, har ya iso sashe na ƙarshe: "Batun malaman da aka sallama kuma, za a duba."

Malam ya ce, "Wa?"

"Za a duba, Malam."

"Na jiya. Wa na 'a'? Ɗan wane gida na? Ina ofishinai?"

Aka tashi ba a sa hannu ba. Abokan aikinmu suka yi masa ca, don kowa ya ƙosa a saki albashi. Ni ma, don kunyar kada a ce saboda ni mutane ke wahala, na bi shi har Kalgo na ce, "Malam, ka sa hannu. Ai sun ce za a duba."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Umaru, tun da uwarka ta haihe ka, ka taɓa ganin 'a' ya ɗauki wani aiki? Kora dai ya iya. Tai gida."

Washegari ya shiga ɗakin taro da kujera a kansa. Ya ajiye ta kusa da ta shugaban kwaleji, ya kakkaɓe ta da hularsa, har ya ɗora mata ƙuli-ƙuli biyu. Aka tambaye shi ta wace ce. Ya ce, "Ta Malam A ta. Tunda shi ad da alhakin yaran ga, sai mu jira shi."

Kwana uku ana jiran Malam A. Duk wanda ya turo ƙofa, ko masinja ne, Malam Ladan sai ya miƙe da ladabi ya ce, "Ko shi na?" A rana ta uku shugaban kwaleji, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya kasa riƙe dariya. Ya buga tebur ya ce, "Ladan, ka ishe ni. Ni ne. Ni zan mayar da su."

"Madalla. Yaushe?"

"Ran Litinin."

"Wace? Allah ya yi Litinin da yawa."

Sai da aka rubuta suna da rana, sannan ya sa hannu. Ya ɗauke ƙuli-ƙulinsa biyu daga kan kujera ya mayar aljihu, wai baƙo bai zo ba. Litinin ɗin na koma aji, sati biyu bayan nan aka yi sunan 'yata.

Sai dai a kan Malam Ladan hukuma ta huce. Daga shekarar nan takardar ƙarin girmansa ta shiga ofis ba ta fito ba. Duk sanda ya tambaya sai a ce za a duba. Har ya yi ritaya a matakin da yake, mu da ya koyar muka wuce shi. Abin yana ci mini rai har yau. Shi kuwa in na tayar da zancen sai ya yi dariya ya ce, "Bar shi, Malam A na ka ramawa. Na ci mai mutunci gaban jama'a."

Da ciwo ya kwantar da shi a Ceberu na je dubiya. Ya rame ƙwarai, muryar ma da ƙyar take fita. Na kama hannunsa na ce, "Sannu Malam, za a samu sauƙi."

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wa?"

Na ce, "Allah zai ba ka sauƙi."

Ya ce, "Yawwa. Shi kam in ya ce, ba ni neman takarda."

Kwana huɗu bayan nan ya rasu. Don haka ni ba zan ce a jiƙansa ba. Ya Allah, Kai nake roƙo da sunanKa: Ka jiƙan bawanKa Ladan, Ka yafe masa, Ka ba shi matakin da mutane suka hana shi. Amin.